Jinin da Inna Ta Ɓoye Mini

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina ƙarama "waccan" take ce mini. Da na yi aure a Kumbotso na kama aikin koyarwa, sai na samu ƙarin girma, na koma "mutanen birni". Idan na je gida na durƙusa na gaishe ta, ba ni take kallo ba, sai ta dubi ƙofar ɗaki ko akuyar da ke turke ta ce, "Mutanen birni an zo lafiya?" Ni ma sai in dubi akuyar in amsa. Haka aka yi wa Inna a gidansu, haka ta yi mini, kuma kowa a garinmu yabonta yake yi, wai mace ce mai alkunya. Shekara uku ke nan da rasuwarta, amma har yau in na ji an yabi kunyar Inna sai raina ya ɓaci. Ni mai zafin rai ce, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma a kan wannan maganar ban huce ba.

Abin haushin shi ne, matar nan ba ta jin nauyin kowa a duniya sai ni. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, babban kanal ya bi ta bayan gari, ƙananan hanyoyin ruwa sun rarrabu cikin gonaki. Rani da damina muna cikin kore: shinkafa, tumatir, albasa, masara. Yara kuwa da zarar rana ta take sai su tuɓe su faɗa kanal, ba mai iya hana su. A cikin ruwan nan suke kwaso tsargiya, yaro ya tsuguna fitsari, a ƙarshe sai jini ya biyo. Mutanenmu ba su ɗauki wannan ciwo ba. Cewa suke alamar yaro ya fara zama namiji ce, har wani uban yakan yi murmushi in an gaya masa.

Da ma'aikatan lafiya suka zo neman wanda zai riƙa raba maganin tsargiya a garin, ba albashi ba komai, maza suka yi ta kallon juna. Inna ce ta leƙo daga zauren mai gari ta ce a ba ta. Lokacin Baba ya riga ya rasu, ta bar zaman kulle, ita ke noma mana abin da za mu ci. Aka ba ta wata doguwar sanda mai fenti kala-kala. Yaro zai tsaya ya jingina da ita, inda kansa ya kai shi ke nuna ƙwaya nawa zai haɗiya. Ba a daɗe ba yara suka laƙaba mata "Inna mai sanda", suna hango ta su watse kamar an jefa dutse cikin kaji, don ƙwayoyin manya-manya ne ga ɗaci.

An gaya mata ba a shan maganin da yunwa, yakan juya wa yaro ciki. Ta san kuwa gidaje da yawa yaro ba ya karyawa sai rana ta ɗaga. Sai ta riƙa dama kunun tsamiya da geronta, tukunya guda, ta ɗora a ka, sanda a hannu, tana bin gida gida. Ba wanda ya sa ta. In ta shiga gida ba ta kewaye-kewaye, a tsakar gida za ta tsaya ta ɗaga murya: "Wa ke fitsarin jini a gidan nan?" Matan aure su rufe baki da gefen zani, surukai su sunkuyar da kai, ita ko a jikinta.

Na taɓa ganin wani magidanci ya tare ta a ƙofar gidansa, ya ce, "Haba Inna, ai balaga ce. Ni ma na yi ina yaro, ga ni nan."

Ta kalle shi daga sama har ƙasa ta ce, "Na gan ka, namijin duniya, kullum hannu a mara kana cije baki. Matsa mini in wuce."

Ya matsa kuwa. Kafin ta fito ta shayar da 'ya'yansa huɗu, ta kuma yi masa faɗa kan ya je asibiti a duba shi.

Ba maganin kawai ba. Mai naƙuda Inna, mai rashin lafiya Inna, in miji da mata sun saɓa Inna ake kira. Mu 'ya'yanta uku, ni da ƙanena manomi da autarmu, mun saba cin tuwo da ɗumame domin an kira ta wani gida tun kafin miya ta nuna. Amma ba ta taɓa barinmu da yunwa ba, kuma ba ta taɓa yarda in fasa makaranta ko da rana ɗaya ba. Ranar da zan tafi makarantar horon malamai ta cika mini buhu da garin kunu da ƙuli-ƙuli, ta ajiye a ƙofar ɗakina ta ce wa auta, "A gaya wa waccan ta ɗauki kayanta." Na san tana sona, ban taɓa shakka ba. Ta bayan gida son yake zuwa, ta hannun wani.

Ita kanta a cikin ruwa ta ƙare ƙuruciyarta. Dashen shinkafa a tsaye ake yinsa cikin laka, ruwa har ƙwauri, tun safe har la'asar. Bayan girbi kuma tana gumi, wato turara shanshera kafin a kai inji, kuma a bakin kanal take wanke shinkafar, ta shiga har gwiwa. Shekara da shekaru haka. Tana korar yara daga ruwa tana tsaye a cikinsa, kuma ba wanda ya taɓa ganin abin mamaki a nan, har da ni mai takardar shaidar malanta. A kanmu duka tsargiya ciwon yara maza ne.

Wata Babbar Sallah na je gida da yarana. Da hantsi na shiga makewayi bayan ta fito, sai na ga ja a kan siminti inda ruwan buta bai kai ba. Inna ta daɗe da daina al'ada, wannan na sani. Na tsaya ina kallon wurin, na zuba ruwa na wanke, na fito. Tana zaune a gindin murhu tana soya naman layya. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai ta ce da kaskon suya, "Mutanen birni ba sa cin hanta ne?" Na ce suna ci. Na karɓa na ci.

Ta yaya zan fara? Ban taɓa yi mata maganar jikina ba, balle nata. Ranar da na fara al'ada ƙanwar Baba ce ta zaunar da ni. Haihuwata ta fari Inna ba ta zo suna ba, kunyar ɗan fari ta haɗu da ta jikan fari, sai ta aiko da tukunyar yaji da turmin atamfa. Mace irin wannan ce zan tsaya a gabanta in ce na ga jini a makewayi?

Sai na bi hanyar da aka koya mini, na ja auta gefe na tambaye ta. Ta ce, "Yaya, kar ki damu, matsalar mata ce. Ta tambayi malama a Islamiyya, an ce jinin ciwo ne, ba ya hana salla, ta dai riƙa sake alwala kowane lokaci." Na ce, "Asibiti fa?" Ta ce, "Tana shan jiƙo, ta ce da sauƙi." Na yarda. Gaskiyar magana, so nake in yarda, domin in ban yarda ba dole in yi magana. Na koma Kumbotso na riƙa aiko mata da madara da lemo, ina jin kamar na yi wani abu. Shekara biyu na yi a haka. Duk zuwan da zan yi sai in ga ta ƙara ramewa, in ce azumi ne, in ce aiki ne.

Wadda ta fasa maganar ba 'yar garinmu ba ce. Wata Kirista ce daga wajen Filato, mijinta yana sayen tumatir yana lodawa Kudu, ita kuma tana da ɗan kemis a bakin titi. Madam muke ce mata. Ita ke raka Inna karɓo magani, sun shaƙu sosai. Wata ranar Talata ina cikin aji ta kira ni, na fito baranda na ɗauka.

Ta ce, "Malama, ke ce babba, ko ba ke ba?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "To mamanki tana mutuwa a tsaye. Jiya ta faɗi a shagona. Na bi ta bayan gida da kaina na gani, ba fitsari ba ne, jini ne da guda-guda. Na ce ta gaya miki, ta ce ba a yi. Na ce ni zan gaya miki, ta ce za ta daina yi mini magana. To ta daina. Ku da wannan kunya taku sai kun kashe matar nan."

Ban koma ajin ba. Ko jakata ban ɗauko ba, wata malama ce ta biyo ni da ita har bakin titi. A mota ina kallon gonaki suna wucewa, mata a sunkuye cikin ruwa suna aiki, ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina, ina rantse wa kaina cewa yau ko za ta tsine mini sai na yi magana.

Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe garin kunu, sandar tana jingine da bango. Ashe makon rabon magani ne. Fuskarta ta yi fari fat, leɓenta kamar an shafa toka. Ta ɗago ta gan ni ba ranar hutu ba, ta mai da ido kan rariya ta ce, "Mutanen birni lafiya da rana tsaka?"

Ban durƙusa ba. Na tsaya a gabanta na ce, "Inna, ni za ki kalla. Tun yaushe kike fitsarin jini?"

Matar ƙanena da ke wanke-wanke ta saki kwano ta shige ɗaki. Inna ta ci gaba da tankaɗe, ta ce da rariyar, "Ikon Allah. Boko ya kai wasu inda ba a zuwa."

Na ce, "Ya kai ni. Ki tashi mu tafi asibiti yanzu."

Ta ce, "A gaya wa mai magana akwai unguwa uku da ban shiga ba."

Na ce, "Wani ya shiga."

Ta ce, "Wa?"

A nan zuciyata ta ɗebe ni. Na fizgi sandar na nufi murhu inda tukunyar gumi take tafasa, na ce wallahi in ba ta tashi ba sai na cusa ta a wuta, in ga abin da za ta auna yaran da shi. Ina kuka ina faɗa, majina da hawaye, mace mai 'ya'ya huɗu. Sai na ji ta ce, "Ajiye." Na waiwayo. Idonta yana cikin nawa. Iya sanina wannan ne karo na farko da Inna ta dube ni ido cikin ido ta ba ni umarni, kuma a kan sanda ne. Na ajiye.

Ta ce, tana kallon ƙasa, "Kwana uku. In na gama a kai ni duk inda za a kai ni."

Na roƙe ta, na durƙusa na kama ƙafarta, ta janye. Na kira ƙanena daga gona ya zo da laka har gwiwa, ya tsaya a bakin zaure yana murza hula, ya ce, "Yaya, kin san halinta." Na ce masa ragon banza, abin da har yau nake neman gafararsa a kai. Ba yadda na iya. Na zauna kwana ukun nan, kuma tun da ba zan iya hana ta ba, ni na ɗauki tukunyar kunun.

Ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo irin waɗannan ba. Tana gaba da sanda, tana dogara ta yanzu maimakon ta riƙe ta a kafaɗa, ina biye. Kowane gida muka shiga sai ta tsaya ta tattaro numfashi ta yi tambayarta da ƙarfi, "Wa ke fitsarin jini a gidan nan?" Ni kuwa ina bayanta kamar in yi ihu in ce ga ta nan. Kusan kowane gida sai ta ari buta ta zaga, ta daɗe, ta fito tana dafa bango da gumi a goshi. Matan gida su kalle ni, su kau da kai. A nan na gane sun sani. Da yawansu sun sani tun tuni, sun ba ta saiwoyi, sun yi mata sannu, amma ba wadda ta ga ya dace ta gaya wa 'yar fari. Na riƙa zuba wa yara kunu ina ƙirga gidajen da suka rage.

Ranar Asabar da safe ƙanena ya samo mota muka tafi babban asibiti a birni. Muka yi layi har azahar. Likitan matashi ne mai haƙuri, ya gaishe ta da ladabi ya ce, "Mama, me ke damunki?" Ta shiga gyara mayafinta. Ya sake tambaya. Ta dubi labulen taga ta ce, "Akwai mutane a ɗakin." Likita ya duba bai ga kowa ba sai ni, ya ce, "Ba 'yarki ba ce?" Na ce masa, "Ni ce ta fari." Ya gyaɗa kai, shi ma ɗan gida ne ya gane. Na fita na tsaya a bayan ƙofa, na manna kunnena ba kunya.

Na ji ya ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Damina shida ke nan. Da can ma yakan zo ya tafi, tun ina da ƙarfina."

Na zauna a ƙasa a wurin, mutane suna tsallake ni. Damina shida. Na fara lissafin zuwan da na yi gida a cikin shekarun nan, Sallah da Sallah, bikin auta, sunan 'ya'yan ƙanena, duk tana tsaye a kan tukunya tana zuba mana abinci.

Aka yi gwaje-gwaje, aka yi hoto, aka ƙara mata jini leda biyu, ɗaya nawa ne. Bayan kwana biyar likita ya kira ni ofishinsa shi da wani babban likita. Suka ce tsargiya ce tsohuwa, ta shekara da shekaru a mafitsara ba a kashe ta ba, har wurin ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Ya toshe hanyar ƙoda, ya kuma bazu. Na ce tsargiya kuma? Na ce ai ita ke raba maganinta. Suka kalli juna. Babban ya ce, "Ita ta taɓa sha?"

Na koma ɗakin da take kwance, ban ko yi sallama ba. Na ce, "Inna, maganin nan da kike ba yara, kin taɓa haɗiyar ko ƙwaya ɗaya?"

Ta juya fuska bango ta ce, "Na yara ne. An ƙirgo musu abinsu. Kuma ina tsohuwa ina ciwon samari?"

Na fita da gudu don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Na sami likita a baranda na tare shi, na ce a yi mata aiki, a cire mafitsarar, a cire duk abin da za a cire, in ƙoda ake so ga tawa. Ya ce, "Malama, da shekara biyu da suka wuce ne, da mun yi magana." Shekara biyu ya ce. Bai san abin da ya faɗa mini ba. Na ga simintin makewayin nan a idona, da hannuna riƙe da buta ina wanke shi.

Daga nan na zama kamar mahaukaciya. Na ɗauki takardunta na kai wani asibitin, suka faɗi abin da na farko ya faɗa. Na kai na uku. Ni da nake yi wa mutane dariya kan jiƙe-jiƙe, sai ga ni a Dawakin Kudu wurin wani mai magani da aka ce yana warkar da daji, na dawo da jarka biyu. Na sa aka sauke Alƙur'ani, na nemo zamzam, na yi azumi, na yi sadaka da awakina duka. Duk wanda ya ce mini ga wani abu can, sai na je. Mijina ya ce in yi tawakkali, na ce masa ba uwarsa ba ce. Inna kuwa tana kwance da robar fitsari, ledar tana cika da ja, abin da ke damunta shi ne wa zai karɓi sanda in lokacin rabo ya zagayo. Madam ta zo dubiya ta ce ita za ta karɓa, amma ba ta iya kunun tsamiya ba. Inna ta yi dariya har ta yi tari, ta shiga koya mata daga kwance, ta manta ta ce ba za ta ƙara yi mata magana ba.

Bayan mako uku ta ce a mai da ita gida. Likitoci ba su hana ba. Muka dawo lokacin shinkafa ta fara ja, hanya duk ƙamshinta. Ta sa aka tsayar da mota a kan gadar kanal, ta leƙa ta taga, ta ga yara suna iyo, ta ɗaga murya iya ƙarfinta ta ce su fito. Muryar ba ta kai ko bakin ruwan ba.

A gida wata matsalar ta taso, wadda ban yi tunaninta ba. A asibiti ma'aikatan jinya ke gyara ta. A nan kuwa ba ta iya tashi, kuma dole a wanke ta, a sauya mata zani da shimfiɗa sau da yawa a yini. Auta ce ya kamata, da ita Inna take sakewa, amma auta ta haihu da aiki kwana shida kafin nan, tana kwance a gidan mijinta ba ta iya ko sunkuyawa. Matar ƙanena suruka ce, Inna ta ce ko gawarta ba ta yarda ta gani ba. Maƙwabta suna zuwa da safe su taimaka, amma lokacin girbi ne, kowa yana gona, kafin hantsi gari ya zama ba kowa. Saura ni.

Rana ta farko na shigo da ruwan ɗumi a baho da tsumma. Ta gan ni, ta riƙe bakin zaninta da hannu biyu ta ce, "A kira wata." Na ce ba kowa. Ta ce, "A jira." Muka jira. Na zauna a bakin ƙofa ina jin numfashinta, ina jin warin da ke tashi daga shimfiɗar, ruwan ya huce na sake ɗumamawa. Aka kira azahar. Inna ba ta taɓa barin salla ta wuce ta ba, na ji tana motsi tana son ta yi taimama, amma ta san jikinta da tufafinta ba tsarki. Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Inna tana kuka.

Na shiga na durƙusa a gefen katifar. Duk faɗan da na tanada ya gudu. Na ce, "Inna, don girman Allah. Na bari sau ɗaya, na gani na yi shiru, ga inda ya kawo mu. Kada ki sa in sake bari. Ke kika wanke ni ina jaririya."

Ta ce da bango, "Kakarki ce ta wanke ki. Ni ban taɓa ba, an hana ni."

Ban san wannan ba sai ranar. Na kifa kaina a gefen katifa ina kuka, tana kuka, ruwa yana hucewa karo na biyu.

Can sai na ji tana lalube. Ta jawo mayafinta daga ƙarƙashin matashi, ta warware shi da ƙyar, ta lulluɓe fuskarta gaba ɗaya har wuya. Sannan ta saki bakin zanin. Daga ƙarƙashin mayafin muryarta ta fito, ƙasa-ƙasa.

"A gaya wa mai wankin ta yi a hankali. Wajen marar akwai ciwo."

Na yi a hankali. Jikin da ya ɗauke ni wata tara, ranar na fara ganinsa, duk ya zama ƙashi, ƙafafun sun kumbura, kaushin laka bai bar dugaduganta ba. Na wanke ta tas, na sauya shimfiɗa, na ɗaura mata zani mai tsabta, na juya ta ta fuskanci gabas. Sai da na kwashe baho na kai bakin ƙofa sannan ta yaye mayafin ta ta da kabbara.

Kwana goma sha tara muka yi a haka, sau huɗu sau biyar a yini. Da ta ji ƙarar baho sai ta laluba ta rufe fuska, ni kuma in yi aikina, ba mai cewa komai. Wani lokaci ina cikin goge mata hannu sai in ji yatsunta sun kama nawa sun matse, su daɗe, sannan su saki. A rana ta ashirin da hantsi na shigo da ruwan, na ajiye bahon da ƙara kamar kullum, na tsaya ina jira ta ja mayafin. Fuskarta a buɗe take, tana kallon ƙofar da na shigo, kuma hannunta bai motsa ba, numfashi ya tsaya.